Aang da Sarkin Wuta Ozai: shin ƙarshen labarin ya amsa tambayar da ya ɗora?

Abban Sadiƙ

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina so mu tattauna a kan yadda aka ƙarƙare shirin katun ɗin nan na Avatar: The Last Airbender, wanda tashar Nickelodeon ta Amurka ta fara nunawa a watan Fabrairun 2005, ta kammala a watan Yulin 2008, kashi 61 cikin zango uku. Wanda bai kalla ba kuma yana da niyya, gara ya tsallake wannan zance, domin ba zan rufe komai ba.

Aang shi ne Avatar, wato mutum ɗaya tilo da ke iya sarrafa iska da ruwa da ƙasa da wuta, Ozai kuma shi ne sarkin Daular Wuta da ke yaƙar sauran duniya. Ra'ayina shi ne marubutan sun kauce wa tambayar da su da kansu suka ɗora. Kashi huɗun ƙarshe an gina su ne a kan matsala guda: tauraruwa mai wutsiya ta Sozin, kakan Ozai da ya fara yaƙin, za ta sake gilmawa, ƙarfin masu sarrafa wuta zai ninka, Ozai kuma ya ƙudiri aniyar ƙone Masarautar Ƙasa ƙurmus. Abokan tafiyar Aang sun gaya masa babu makawa sai an kashe mutumin nan, har da Zuko da yake ɗan cikin Ozai. Da Aang ya kasa yarda, sai ya nemi shawarar Avatar huɗu da suka gabace shi. Roku ya ce masa ya yanke hukunci ba tare da jan ƙafa ba, Kyoshi ta ce zaman lafiya ba ya samuwa sai da adalci, Kuruk ya ja kunnensa a kan sakaci. Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce Yangchen, 'yar ƙabilarsa ta Makiyayan Iska, wadda ya zaci za ta goya masa baya, amma ta ce masa Avatar na duniya ne, don haka dole ya sadaukar da tsarkin kansa domin ya kare mutane. Mutum huɗu, kowa da salon maganarsa, amma duk inda suka dosa ɗaya ne.

To, bayan an matse yaron nan har haka, me ya faru? Sai ga ƙaton kunkuru mai kan zaki, wanda tsibiri guda yake a gadon bayansa, ya taɓa goshin Aang da ƙirjinsa, ya ba shi ikon zare baiwar sarrafa wuta daga jikin mutum. Shi ke nan, bai kashe ba, kuma bai rasa komai ba. A gani na wannan ba warware matsala ba ne, an dai buɗe masa ƙofar baya ne ya sulale. Ina son jin wanda zai gamsar da ni akasin haka.

Maman Ilham

Wa alaikumus salam. Malam, na karanta bayaninka a tsanake, kuma inda muka rabu shi ne cewar da ka yi bai rasa komai ba, da kuma ɗaukar maganar Yangchen a matsayin hujjar da ta rufe zance.

Lokacin da Yangchen take Avatar, haikalin iska guda huɗu cike suke da mutane. Idan ta karya koyarwar dattawanta don ta sauke nauyin da ke kanta, akwai jama'a a bayanta da za su ci gaba da riƙon koyarwar. Aang ba shi da wannan gatan. Sozin ya shafe Makiyayan Iska gaba ɗaya shekara ɗari kafin labarin, saura shi kaɗai, yaro ɗan shekara goma sha biyu, da dabbobinsa Appa da Momo. Duk abin da ya rage na al'ummar nan a doron ƙasa yana cikin kansa ne. Ranar da ya ɗauki rai da gangan, ya zama ya yarda da abin da Ozai ya faɗa masa a tsakiyar faɗan, cewa mutanensa raunana ne da ba su cancanci zama a duniya ba. Wato aikin da Sozin ya fara da wuta, Aang ne zai ƙarasa shi da hannunsa.

Sannan ka sake duba faɗan kansa. Sau biyu rayuwar Ozai tana shiga hannun Aang. Na farko, lokacin da ya tare tsawar da Ozai ya harbo masa, ya bi da ita ta cikinsa kamar yadda Zuko ya koya masa, yatsunsa suna nuna Ozai sosai, har aka ga tsoro a fuskar sarkin, sai ya kautar da hannu ya sake ta sama. Wannan kautarwa ta kusa jawo masa ajali, domin daga nan ne ƙarfinsa ya ƙare ya koma ɓuya cikin dunƙulen dutse. Na biyu, bayan ya shiga yanayin Avatar, wato lokacin da ƙarfin magabatansa duka ke haɗuwa a jikinsa, ya ɗaure Ozai a ƙasa, muryoyin magabata duka suna yanke hukunci ta bakinsa, shi ya janye kansa da kansa. Kuma zare baiwar ba kyauta ba ce: kunkurun ya gargaɗe shi cewa wanda ruhinsa ke tanƙwaruwa zai halaka a wajen yin ta, mun kuwa ga jan hasken Ozai ya mamaye jikinsa har saura ido ɗaya. Mutumin da ya sa ransa a kan layi sau biyu saboda abin da ya yi imani da shi, ban ga yadda za a ce ya sulale ta ƙofar baya ba.

Baffan Yara

Ku duka biyun kun tsaya a kan kunkuru, ni kuwa ba shi ne ya dame ni ba. Dutsen nan ne.

A ƙarshen zango na biyu, Guru Pathik ya zaunar da Aang a Haikalin Iska na Gabas, ya bi da shi mataki bakwai na buɗe mashigar ƙarfin ruhi. Na bakwai shi ne ya saki duk abin da zuciyarsa ta maƙale masa a duniya, wato Katara, yarinyar da yake so. Ya ƙi, ya tashi ya tafi ceto ta. A kogon lu'ulu'u na ƙarƙashin Ba Sing Se, babban birnin Masarautar Ƙasa, ya gwada sakin, amma kafin ya kammala Azula, 'yar Ozai, ta harbe shi da tsawa a gadon baya, sai da Katara ta dawo da shi da ruwan nan na musamman da aka ba ta a Arewa. Daga nan har zango na uku ya kusa ƙarewa, yanayin Avatar a toshe yake gare shi. Duk mai kallo yana jiran ya ga wane irin aiki na zuciya yaron zai yi kafin ya buɗe. Sai aka wayi gari Ozai ya wurga shi, tabon bayansa ya daki wani tsinin dutse, take komai ya buɗe, ya fito daga cikin ɓaraguzai ya cafki gemun sarki. Ba na musun cewa wurin yana da daɗin kallo, yaran gidana har tsalle suke yi idan an zo nan. Amma abin da aka ce mana ciwon zuciya ne, sai aka yi maganinsa da tausa.

Don haka Hajiya, duk ƙarfin halin da kika lissafa gaskiya ne, sai dai in ba don wannan dutsen ba, da Aang ya mutu a cikin dunƙulensa, da Masarautar Ƙasa ta zama toka, kuma da dalilin shi ne kautar da tsawar da ya yi. Sa'a ce ta biya masa kuɗin aƙidarsa.

Maman Ilham

Baffa, a kan dutsen ba ni da kariya mai ƙarfi. Abin da wasu ke cewa shi ne ya riga ya yi aikin zuciyar tun a kogon Ba Sing Se, toshewar da ta biyo baya ta rauni ce a jiki, don haka abin da ya taɓa raunin ne zai warware ta. Bayanin yana shiga hankali, amma shirin bai tsaya ya faɗe shi ba. Game da kunkurun kuwa, an nuna zanensa tun a zango na biyu, a ɗakin karatun Wan Shi Tong da ke binne cikin hamada.

Abban Sadiƙ

Na san wannan zanen, Hajiya. Amma nuna hoton dabba na ɗan lokaci daban, sanar da mai kallo cewa ana iya raba mutum da baiwarsa daban. Ba a taɓa ambaton wannan iko ba sai ana saura ƙiris a tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ummu Hanif

Ina so in shigo ta wata kusurwa, domin duk muhawarar tana tafiya ne a kan zaton cewa Makiyayan Iska ba sa kisa ko kaɗan. Wa ya gaya mana haka? Aang ne, shi kuwa yana da shekara goma sha biyu ya gudu daga haikali.

Ku tuna kashi na uku na zangon farko, lokacin da ya koma Haikalin Iska na Kudu. Ya ɗaga labule ya tarar da ƙwarangwal ɗin malaminsa Gyatso a zaune, da sarƙar katakonsa a wuya, kewaye da shi kuma tarin sulke da ƙasusuwan sojojin Daular Wuta. Waɗannan sojoji a ranar tauraruwa mai wutsiya suka zo, ranar da ƙarfinsu ya kai maƙura, amma tsoho guda ya tafi da su masu yawa. Masu bibiyar shirin sun daɗe da wani hasashe, cewa Gyatso ya janye iskar ɗakin ne gaba ɗaya, wuta ta mutu, numfashin kowa ya ɗauke har da nasa, suna kafa hujja da cewa ba a ga alamar ƙuna a tufafinsa ba. Shirin bai tabbatar da haka ba, amma shirin da ya biyo baya na Korra, Avatar ɗin da ta gaji Aang, ya nuna abin mai yiwuwa ne, domin da irin wannan dabara Zaheer ya kashe Sarauniyar Ƙasa. Ko ma ta wace hanya ce, gawawwakin suna nan. Mutumin da ya fi kowa koya wa Aang tausayi, da aka zo kan yaransa da gidansa, ya kashe.

Shi kansa Aang hannunsa ba fes yake ba. A ƙarshen zango na farko, bayan Zhao, shugaban rundunar ruwan Daular Wuta, ya kashe ruhin wata, Aang ya haɗe da ruhin teku ya watsa rundunar jiragen ruwan Daular Wuta a cikin ruwan ƙanƙara. Babu mai hankalin da zai ce duk sojojin nan sun yi iyo sun koma gida. A hamada ma, bayan an sace Appa, ya bi wani ƙaton ƙwaro da ya ɗauki Momo, ya kakkaɓo shi ƙasa bayan Momo ya riga ya kuɓuta. Ra'ayina shi ne, aƙidar da Aang ya tsaya a kanta aƙida ce kamar yadda yaro ya fahimce ta, ba a ba shi lokacin da zai girma ya ji sauran bayanin daga bakin dattawa ba. Wannan bai rage masa ƙima a idona ba, ƙara mini tausayinsa ma ya yi. Amma yana raunana hujjar cewa kashe Ozai zai zama ƙarshen al'adar mutanensa.

Maman Ilham

'Yar'uwa, kin kawo abin dubawa. Amma akwai tazara tsakanin wanda aka ritsa a ɗaki ya kare kansa, da wanda aka ce ya shirya tun da kwanaki ya je ya zartar wa mutum hukuncin kisa. Gyatso na farko ne. Abin da ya faru a Arewa kuma ruhin teku ne yake tuƙi, kuma shirin bai wanke Aang ba, domin zango na biyu ya buɗe ne da shi yana mafarkin ɓarnar da yake yi idan ya shiga wannan yanayi, yana farkawa a firgice.

Wurin da ya fi nuna mini abin da ake nema daga gare shi shi ne atisayen da suka yi a tsibirin Ember. Sun kafa mutum-mutumi da kan kankana a matsayin Ozai, abokiyar tafiyarsu Toph tana jifansu da duwatsu masu wuta tana ta dariya. Aang ya sauko daga sama da sandarsa, ya zo daidai kan kankanar, ya tsaya cak. Sokka, yayan Katara, ya zare takobi ya raba ta biyu, Momo ya hau cin abin da ya zube. Daga baya Katara ta zo da hoton wani jariri mai murmushi tana tsokanar Zuko, sai ya ce mata ai ba shi ba ne, mahaifinsa ne. Marubutan da suke neman hanyar tserewa ba za su tsaya su nuna mana wannan ba.

Kawu Na-Gwale

'Ya'yana, kun yi ta magana a kan zuciyar Aang, ku bari in yi magana a kan mulki, domin yaƙin shekara ɗari ba a kan zuciyar mutum ɗaya yake ƙarewa ba.

Da Zuko ya samu Iroh, yayan Ozai, a sansanin ƙungiyar Farin Lotus a bakin Ba Sing Se, ya roƙe shi ya je ya yaƙi Ozai. Iroh ya ƙi, kuma dalilinsa shi ne ko da ya yi nasara, tarihi zai rubuta cewa wa ya kashe ƙaninsa don sarauta, zubar da jini ya ci gaba ke nan. Wannan ya nuna marubutan suna tunanin abin da zai biyo bayan faɗa. A Daular Wuta, ƙarfin wuta shi ne hujjar sarauta, har rigimar gadon mulki da karawar wuta ta mutum biyu da ake kira Agni Kai ake raba ta. Idan Avatar ya kashe Ozai a ranar tauraruwa, ya ba mabiyansa gwarzon da za su riƙa tunawa. Idan kuwa ya mayar da shi mutumin da ko fitila ba zai iya kunnawa ba, ya rushe tushen da'awarsa a gaban kowa. Ta wannan fuska, hukuncin Aang ya fi kisa zafi ga mutum irin Ozai.

Amma ba zan tsaya nan ba, domin shirin da kansa ya ba mu misalin da ke sukar wannan ra'ayi. Roku ya kama Sozin dumu-dumu ya fara mamaye yankin Masarautar Ƙasa, ya rushe masa fada, ya rataye shi a kan tsinin ƙasa, sannan ya ƙyale shi saboda tsohuwar abota. Shekaru suka wuce, dutse ya yi aman wuta a tsibirin Roku, Sozin ya zo kamar mai taimako, da ya ga hayaƙi mai guba ya kayar da abokinsa sai ya hau dabbarsa ya bar shi nan. Bayan shekara goma sha biyu ya shafe Makiyayan Iska. Ke nan mutanen Aang sun ƙare ne sanadiyyar afuwar da wani Avatar ya yi wa wani Sarkin Wuta. Littattafan zanen da suka ci gaba da labarin ma sun nuna barin Ozai da rai bai zo da sauƙi ba: Zuko ya riƙa zuwa kurkuku neman shawararsa a kan rikicin yankunan da aka mamaye, aka kuma samu wata ƙungiya da mahaifin Mai, budurwar Zuko, ya jagoranta tana neman mayar da shi kan karaga. Ni dai ina ganin Aang ya yi daidai, amma ba don hanyarsa ba ta da haɗari ba.

Anti Bilki

Kawu, tunda ka ambaci Iroh, ni abin da ya tsaya mini a rai a ƙarshen nan ba Ozai ba ne. Yadda aka raba rahama ne.

Iroh da kowa ke ƙauna, mai shayi da dara, shi ne janar ɗin da ya yi wa Ba Sing Se ƙawanya kwana 600 har ya fasa ganuwar waje. A wasiƙar da ya aiko gida daga fagen fama, ya yi raha cewa yana fatan su ga birnin wata rana in ba a riga an ƙone shi ba, iyalin kuma suka yi dariya. Bai juyo ba sai da ɗansa Lu Ten ya mutu a wannan yaƙi, wato sai da wutar ta taɓa nasa. Duk da haka ya ƙare a shagon shayinsa a cikin birnin da ya yi wa ƙawanya, babu wanda ya tuhume shi. A cikin wannan saƙon ne ya aiko wa Zuko wuƙar janar ɗin da ya miƙa wuya, ya aiko wa Azula 'yar tsana, ita kuwa ta cinna mata wuta. Ana nuna mana wannan don mu ga muguntarta tun tana ƙarama, amma ni abin da na gani shi ne kawun da ya san zuciyar ɗan ƙaninsa namiji, bai san ta macen ba ko kaɗan.

Azula shekararta goma sha huɗu. Uwarta ta ɓace tana yarinya, kuma ita da bakinta ta ce uwar tana kallonta a matsayin dodo. Ubanta makami ya ɗauke ta, ranar da ya naɗa kansa sarkin duniya ya bar ta a gida da rawanin da ya riga ya zama fanko. Ƙawayenta Mai da Ty Lee sun juya mata baya a kurkukun Dutse Mai Tafasa. Zuko ya samu kawun da ya bi shi gudun hijira shekara uku yana haƙuri da shi, ita wa ta samu? Sai ga shi an ƙare da uban da ya ƙona fuskar ɗansa yana zaune lafiya a ɗakin kurkuku, 'yar kuma tana ɗaure da sarƙa a kan ƙarfen magudanar ruwa, tana birgima tana fitar da shuɗiyar wuta ta baki tana kuka. Idan darasin ƙarshen shi ne kowane rai yana da daraja, to ban ga an yi da ita ba.

Baffan Yara

Anti, tausayin yana wurinsa, amma kada mu manta wanda ya kawo shawarar ƙone Masarautar Ƙasa a zaman majalisar yaƙi. Azula ce, Ozai ɗauka kawai ya yi. Ita ce kuma ta karya dokar Agni Kai ta harbi Katara da ke gefe, har Zuko ya tare da ƙirjinsa. Ɗaure ta a wannan lokaci ba rashin rahama ba ne, kuma ki lura babu wanda ya yi murna, Zuko da Katara tsayawa suka yi suna kallonta jikinsu a sanyaye. Inda na yarda da ke shi ne Iroh. Ya taɓa ce wa Zuko yarinyar mahaukaciya ce dole a kayar da ita, kuma daga bakin mutumin da ya zauna ya sha shayi da ɓarawon da ya tare shi da wuƙa a lungu, wannan magana ta yi nauyi.

Ummu Hanif

Ina so in dawo da mu kan tambayar Abban Sadiƙ, domin ina ganin akwai shimfiɗar da aka yi wa ƙarshen wadda ta fi zanen ɗakin karatu ƙarfi. Ita ce tafiyar da Katara da Zuko suka yi neman Yon Rha, mutumin da ya kashe mahaifiyarta Kya. Ta same shi, ta tsayar da ruwan sama a sararin sama, ta mayar da shi tsinayen ƙanƙara, ta harba, ta tsayar da su dab da jikinsa. Ba ta kashe shi ba, kuma da ta dawo ta gaya wa Aang ƙarara cewa ba ta yafe masa ba, ba za ta taɓa yafewa ba. Wato tun kafin kashin ƙarshe an nuna mana cewa tsakanin kisa da yafiya akwai wuri na uku. A ƙarshen wannan kashin ne Zuko ya juyo ya tambayi Aang abin da zai yi idan ya fuskanci mahaifinsa.

Abban Sadiƙ

Wannan hujja ta fi ta kunkuru, na karɓa. Sai dai Yon Rha tsoho ne da ya yi ritaya, yana noman lambu uwarsa tana yi masa tsawa, har cewa ya yi a ɗauki ran uwar a madadin nasa. Barinsa da rai ba zai cutar da kowa ba. Ozai kuwa a kan jirgin sama yake yana zuba wuta a kan ƙasa. Katara ta samu wuri na uku ne domin ba ta da abin da za ta rasa, shi kuwa Aang sai da aka ƙirƙiro masa nasa.

Kuma tunda an kawo shirin Korra, wanda aka fara a 2012, ku duba abin da ya biyo bayan amfani da wannan iko karo na biyu. Aang ya manyanta, aka gurfanar da Yakone a kotun Birnin Jamhuriya bisa laifin sarrafa jinin mutane, Sokka ya karanta hukuncin ɗaurin rai da rai, Yakone ya murɗe duk wanda ke ɗakin ya gudu, Aang ya bi shi ya zare masa baiwa. Me ya biyo baya? Ya tsere, ya sauya fuska, ya koma Arewa ya haifi 'ya'ya biyu, ya horar da su da azaba don su rama masa. Ɗaya ya zama Tarrlok, ɗayan ya zama Amon, wanda ya jefa birnin cikin tawaye yana raba mutane da baiwarsu. An zare wutar hannu, ba a zare ta zuciya ba, kuma Korra ce ta biya.

Maman Ilham

Malam, Yakone tserewa ya yi daga tsare, wannan gazawar masu gadi ce, ba ta hukuncin ba. In za mu bi wannan ma'auni, sai a kashe duk mai laifin da ake tsoron zai haihu. Kuma akwai amfani ɗaya na barin Ozai da rai da babu wanda ya ambata. Bayan naɗin Zuko, ya je ɗakin da aka tsare uban, ya durƙusa ya tambaye shi inda mahaifiyarsa take. Tun ranar husufin rana Ozai ya nuna masa cewa korar mahaifiyar tasa Ursa aka yi, ba kashe ta ba, kuma shi ne ya san abin da ya faru a daren da Azulon, mahaifin Ozai, ya mutu. Gawa ba ta amsa wannan tambaya.

Abban Sadiƙ

Rayayyen ma ba mu ji amsarsa ba, Hajiya, domin nan take aka yanke hoton. Sai a 2013 littafin zane ya bayyana cewa Ursa ce ta haɗa gubar da aka kashe Azulon da ita don ta ceci Zuko, ta koma garinsu Hira'a, aka sauya mata fuska ta manta da 'ya'yanta. Kuma ko a can ɗin, ba Zuko Ozai ya buɗe wa baki ba, sai da aka fito da Azula daga asibitin masu taɓin hankali aka haɗa su, sannan aka samu bakin zaren.